Yadda Ake Yada Zango a Michi-no-Eki na Ƙofar Kusatsu, Garin Ruwan Zafi a Japan

Matafiyin da ya ɗauko mota daga Tokiyo ya nufi Kusatsu, garin da ya yi suna a Japan saboda maɓuɓɓugansa na ruwan zafi, zai tarar da wani zango a bakin titi mai lamba 292 gab da shiga garin. Sunansa Michi-no-Eki Kusatsu Undojaya Koen. Baƙi da dama suna wuce shi saboda ɗokin isa, sai su faɗa cikin garin da titunansa matsattsu ne, masu hawa da gangara, ba su san inda za su ajiye mota ba, ba su da taswira, ba su kuma san ko hanyar dutse a buɗe take ba. Shawarata ita ce a tsaya a wannan zango a kimtsa, domin sa'a guda da aka yi a nan tana sauƙaƙa duk abin da zai biyo baya.

Michi-no-Eki tsari ne na zangunan hutawa a bakin titi da gwamnatin Japan ta fara yi wa rajista a shekarar 1993 da wurare 103, a yau kuma sun haura 1,200 a faɗin ƙasar. Ma'aikatar da ke kula da filaye da sufuri ce take amincewa da su, amma galibi ƙananan hukumomi ne suke gina su. Sharaɗin da kowannensu yake cikawa shi ne samar da wurin ajiye mota da banɗaki kyauta dare da rana, da wurin samun bayanin hanya da na yankin, da kuma fagen da mutanen wurin za su nuna abin da suke nomawa ko sarrafawa. Sun bambanta da wuraren hutawa na manyan titunan da ake biyan kuɗi, domin su a kan titunan gama-gari suke, kuma yawancinsu ba su da gidan mai. Wannan batu na ƙarshe ya kamata direba ya riƙe shi tun daga gida.

Mataki na farko: shirya takardu da mota

Japan ba ta karɓar lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa sai wanda aka bayar bisa yarjejeniyar Jiniba ta 1949. Saboda haka ka duba bangon littafin lasisinka ka ga shekarar da aka rubuta kafin ka baro gida, domin kamfanin hayar mota ba zai ba ka makulli ba idan wata yarjejeniya ce daban. Ka haɗa da fasfo da kuma lasisin ƙasarka na asali. A wurin karɓar motar ka nemi a sanya maka katin ETC, wanda da shi ake biyan kuɗin babban titi ba tare da tsayawa ba, ka kuma roƙi ma'aikacin ya mayar maka da na'urar nuna hanya zuwa harshen da kake ji. Idan tafiyar ta faɗo tsakanin Disamba da Maris, ka faɗa musu ƙarara cewa Kusatsu za ka, domin su ba ka mota mai tayoyin ƙanƙara. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku, kuma titinsa yana daskarewa. Ba na ganin hikimar hawa wannan hanya da tayar yau da kullum a lokacin sanyi, ko da an wayi gari da rana a Tokiyo.

A Japan hagu ake bi, alhali a Najeriya da Nijar dama ake bi, don haka sai an yi hattara sosai a mahaɗa da kuma lokacin fitowa daga wurin ajiye mota, inda hannu yakan koma abin da ya saba. Alamar tsayawa jan alwatika ce mai kallon ƙasa, kuma tsayawa cak ake yi a gabanta. Haka nan doka ce a tsaya a kowace mararrabar layin dogo ko da shingen a ɗage yake.

Mataki na biyu: kama hanya da wuri

Daga Tokiyo za ka hau babban titin Kan-etsu har zuwa mafitar Shibukawa-Ikaho a lardin Gunma, wajen kilomita 100. Daga nan sai ka bi kwarin kogin Agatsuma zuwa yamma ta titi mai lamba 353 da mai lamba 145 har Naganohara, inda za ka karkata zuwa 292 ka fara hawan dutse. Tafiyar duka takan ci sa'a uku zuwa uku da rabi idan babu cunkoso, amma ranakun Asabar da ranakun hutu titin Kan-etsu yana cika tun da safe. Ka sha mai a Shibukawa ko a Naganohara. Idan gidan man irin wanda mutum yake zuba wa kansa ne, jan baki shi ne fetur na yau da kullum, rawaya fetur mai tsada, kore kuma gas ne, wato dizal, na manyan motoci, wanda zai lalata injin ƙaramar motar haya idan aka yi kuskuren zuba shi.

Dalilin sammako shi ne, ko da yake banɗaki da filin mota ba sa rufewa, kantuna da wurin cin abinci na irin waɗannan zanguna suna rufewa ne da yamma, galibi wajen ƙarfe biyar ko shida. A watan Disamba ma rana takan faɗi wajen huɗu da rabi. Wanda ya iso da magariba zai samu fitilu a kashe da injinan sayar da abin sha kawai. Ka tsara tafiyarka yadda za ka iso tsakanin hantsi da ƙarfe uku.

Kafin ka kai Kusatsu akwai wani zangon a Naganohara mai suna Michi-no-Eki Yamba Furusato-kan, wanda ke kallon tafkin madatsar ruwa ta Yamba da aka kammala a 2020. Idan kayan lambu kake so, ko kuma kana son tsoma ƙafafunka a ruwan ɗumi bayan doguwar tuƙi, ya dace ka tsaya a can ma, domin akwai kasuwar manoma da kuma wurin jiƙa ƙafa.

Mataki na uku: shiga da ajiye mota

Tun daga nesa za ka fara ganin alluna masu sanar da zangon, ɗauke da tambarin da ke nuna bishiyoyi biyu da gida. Da ka matso za ka hango gine-gine masu fasalin ginin Jamus da wata gadar masu tafiya a ƙafa da ta haye titi ta haɗa ɓangarorin zangon biyu. Ka kunna sigina da wuri, ka rage gudu, domin motocin da ke bayanka ma suna hawan tudu ne. A cikin filin, ka bi layukan da aka zana: dogayen gurabe na bas-bas da manyan motoci ne, waɗanda ke da hoton keken guragu kuma na masu buƙata ta musamman ne, ba a taɓa su ko da na minti biyu. Mutanen ƙasar sun saba shiga gurbi da baya, kuma za ka ga amfanin hakan idan ka zo fita. Ka kashe injin da zarar ka tsaya, domin barin mota tana aiki a tsaye abu ne da ake ƙi a irin waɗannan wurare. Kafin ka fito ka ɗauki rigar sanyi, ko da a watan Agusta ne, saboda iskar saman dutse ta bambanta da ta ƙasa ƙwarai.

Mataki na huɗu: banɗaki, alwala da salla

Yawancin banɗakunan jama'a a Japan suna da na'urar tsarki da ruwa, wadda maɓallanta ke gefen wurin zama ko a jikin bango, abin da ke sauƙaƙa wa Musulmi sosai. Maɓallin da aka rubuta おしり shi ne na feso ruwa, mai 止 shi ne na tsayarwa, mai 流す kuma shi ne na kora. Ana jefa takardar da aka yi amfani da ita a cikin masai, ba a kwando ba. Ka riƙe ɗan tawul a aljihu kamar yadda mutanen ƙasar suke yi, domin ba ko'ina ake ajiye abin goge hannu ba.

Batun alwala yana buƙatar tunani. Ɗaga ƙafa zuwa cikin kwanon wanke hannu abu ne da zai ɓata wa sauran jama'a rai, kuma jiƙa daɓen banɗaki yana iya sa wani dattijo ya zame. Abin da ya fi kyau shi ne ka tafi da 'yar buta ko gorar ruwa, ka wanke fuska da hannaye a ciki, ka ƙarasa wanke ƙafafu a gefen fili inda ruwa zai bi ƙasa, ko kuma ka yi shafa a kan huffi idan ka cika sharuɗɗansa. A lokacin sanyi kada ka zubar da ruwa a kan hanyar da mutane suke bi, domin zai daskare nan take. Kada ka sa ran samun ɗakin salla a irin wannan zango. Ka tafi da dardumarka ka nemi wuri mai natsuwa a gefen lambun da ke kusa, nesa da ƙofar kanti da hanyar motoci. Alƙibla daga wannan yanki tana yamma ne da ɗan karkata zuwa arewa, wajen digiri 293, saɓanin gabas da muka saba fuskanta.

Mataki na biyar: ɗakin bayani

Wannan shi ne matakin da na fi ba wa muhimmanci. Ka nemi inda aka jera takardun yawon buɗe ido, ka ɗauki taswirar garin, wadda kyauta ce, ka yi alama a kan wuraren ajiye mota na kuɗi da ke kusa da tsakiyar gari. Daga zangon zuwa Yubatake, wato filin da ruwan zafi yake ɓuɓɓugowa a tsakiyar Kusatsu, bai kai kilomita biyu ba, amma titunan da ke kewaye da shi na masu tafiya a ƙafa ne fiye da na mota, kuma baƙon da ya kutsa cikinsu yakan rasa inda zai juya. Filin zangon kuwa an yi shi ne domin masu hutawa, don haka bai dace mutum ya bar motarsa a nan ya tafi yawon yini guda ba.

Abu na biyu da za ka bincika shi ne halin da titi mai lamba 292 yake ciki a bayan garin. Wannan titi yana ci gaba da hawa ya ratsa dutsen Kusatsu-Shirane zuwa tuddan Shiga a lardin Nagano, kuma a mashigar Shibu yana kaiwa tsayin mita 2,172, wanda shi ne wuri mafi tsayi a duk titunan gwamnatin ƙasa na Japan. Ana rufe wannan ɓangare daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Afrilu saboda dusar ƙanƙara. Ban da haka, dutsen mai aman wuta ne da bai mutu ba; ya yi aman a ranar 23 ga Janairu, 2018, kuma hukumomi sukan rufe hanyar ko su taƙaita ta idan motsinsa ya ƙaru. Na'urar da ke cikin mota ba kullum take sanin wannan ba. Ka duba sanarwar da aka manna, ko ka nuna wa ma'aikaci lambar titin a kan taswira, zai gane abin da kake tambaya ko da ba ku ji harshen juna ba. Ka soma da cewa "Sumimasen", wadda ita ce kalmar neman izini da jawo hankali cikin ladabi.

Mataki na shida: zauren tunawa da Bälz

A saman bene na ɗaya daga cikin gine-ginen akwai ɗan zauren tarihi da aka keɓe wa Erwin von Bälz, likita Bajamushe da aka haifa a 1849, ya zo Japan a 1876, ya koyar da aikin likita a Tokiyo, ya kuma yi wa iyalan sarki aiki kafin ya koma gida a 1905. Ya fara ziyartar Kusatsu a 1878, ya yi nazarin ruwanta da iskarta, ya kuma yaba su a rubuce-rubucensa, abin da ya sa sunan garin ya isa Turai. Saboda shi ne Kusatsu ta ƙulla zumunci da mahaifarsa, Bietigheim-Bissingen, kuma wannan ne dalilin fasalin Jamus da ka gani tun daga titi. Zauren ba shi da girma, minti ashirin sun isa, amma yana sa mutum ya shiga garin da sanin cewa wurin jinya ne tun kafin ya zama wurin shaƙatawa. Bayan ka sauko, ka hau gadar da ta haye titi ka dubi duwatsun da suka kewaye wurin.

Mataki na bakwai: sayayya da abinci

Ba a yin ciniki a Japan, farashin da aka rubuta shi ne farashi, kuma ba a ba wa ma'aikaci tukwici. Ana ajiye kuɗi a kan ɗan farantin da ke gaban mai karɓa maimakon a miƙa masa hannu da hannu. Ka riƙe tsabar kuɗi na yen, domin ba kowane ƙaramin kanti ne yake karɓar kati ba, ka kuma tafi da jakarka, tun da an fara sayar da ledar zuba kaya a faɗin ƙasar tun Yulin 2020.

Daga cikin abin da ya cancanci saye akwai hanamame, wani babban wake mai zane da ke son ƙasa mai tsayi da sanyi, wanda ake dafawa da sukari ya zama abin ƙwalama. Akwai onsen manju, ɗan curin alkama da ake turarawa da daddaɗan jan wake a ciki, wanda aka san garuruwan ruwan zafi da shi. Akwai konnyaku, wanda ake yi daga wani irin saiwa, kuma Gunma ce take noma kusan kashi 90 cikin ɗari na wannan saiwa a Japan. A watannin zafi zuwa kaka kuma za ka ci karo da kabejin Tsumagoi, ƙauyen da ke maƙwabtaka da Kusatsu, wanda ya shahara da shi. A kasuwannin manoma irin ta Yamba, sunan wanda ya noma kayan yana manne a jikin ledar, kuma wannan yana daga cikin abubuwan da suka fi burge ni a tsarin, domin manomi ne da kansa yake kawo kayansa ya sa farashinsa.

Mai kiyaye halal ya karanta bayan kowace leda kafin ya biya. Alamomin da ya kamata ya haddace su ne 豚 na alade, ラード na kitsen alade, ゼラチン na jalatin, 酒 na giya, da みりん na wata giyar shinkafa da ake zubawa a girki. Manhajar fassara ta waya mai amfani da kyamara tana taimakawa. A wurin cin abinci, taliyar soba da udon sukan zo babu nama, amma romonsu yawanci yana ɗauke da mirin, don haka sai ka tambaya: "Butaniku wa haitte imasu ka?" idan game da naman alade ne, ko "Osake wa haitte imasu ka?" idan game da giya ne. Wanda bai samu natsuwa ba yana iya wadatuwa da farar shinkafa, 'ya'yan itace da madara. Idan ka gama ci ka mayar da farantinka inda aka tanada. Sharar da ka zo da ita daga mota kuwa ka koma da ita, domin kwandunan wurin na abin da aka saya a wurin ne.

Kafin ka bar kantin ka nemi teburin hatimi. Kowane Michi-no-Eki yana da hatiminsa mai zanen abin da aka san yankin da shi, kuma ana sayar da littafi na musamman domin tara su. Bugawa kyauta ce, ko a kan takardarka ce, kuma yara suna jin daɗinta matuƙa.

Mataki na takwas: shirin ruwan zafi kafin gangarawa

Ruwan Kusatsu yana fitowa da kansa fiye da lita 32,000 a kowane minti, adadin da babu wani garin ruwan zafi a Japan da ya kai shi. Wanda ya san ruwan Wikki na Yankari, mai ɗumin digiri 31, kada ya ɗauka iri ɗaya ne, domin na Kusatsu yana fitowa ne daga digiri 50 zuwa fiye da 90, sai an sanyaya shi kafin a shiga. Tsohuwar hanyar sanyaya shi, wato juya ruwan da dogayen alluna ana waƙa, ita ake kira yumomi, kuma ana nuna ta kullum a ginin Netsu-no-yu da ke bakin Yubatake. Ruwan yana da tsami mai ƙarfi da warin farar wuta, har ta kai tun 1964 ake zuba farar ƙasa a kogin da ke kwashe shi domin rage tsaminsa kafin ya isa gonaki da gadojin da ke ƙasa.

Saboda haka, tun kana zangon ka cire zoben azurfa da agogo da duk wani ƙarfe ka adana su a jaka, domin ruwan yana mayar da azurfa baƙa. Ka sayi ƙaramin tawul idan ba ka da shi, ka kuma sayi ruwan sha. Ka yanke shawarar irin wankan da za ka yi. A gidajen wanka na jama'a maza da mata a rabe suke, amma tsirara ake shiga ruwan, ba a kuma yarda da gajeren wando ko tsoma tawul ba. Wanda addininsa ko kunyarsa ba za su bar shi ba yana da mafita biyu masu kyau. Ta farko ita ce ashiyu, wato wurin jiƙa ƙafa, kuma akwai na kyauta a gefen Yubatake, inda mutum zai zauna da tufafinsa ya naɗe wando kawai. Ta biyu ita ce kashikiri-buro, ɗakin wanka da mutum ko iyali suke kamawa su kaɗai na ɗan lokaci, wanda masaukai da dama suke da shi, amma yakan buƙaci a yi alƙawari tun da wuri. Daga zangon za ka iya kiran masaukinka ka tabbatar. Ko wanne ka zaɓa, ka wanke jikinka kafin shiga, kada ka wuce 'yan mintoci a karon farko, kada ruwan ya shiga idonka, kuma mai ciwon zuciya, hawan jini ko buɗaɗɗen rauni ya nemi shawarar likita tun kafin tafiya.

Idan gajiya ta ci ƙarfinka, an yarda ka ɗan runtsa a cikin mota a filin zangon domin kauce wa haɗari, amma ba a yi wurin domin kwana ba, kuma kafa tanti, kunna risho ko baje kujeru duk ba sa cikin abin da ake lamunta. Ka ajiye lambobin gaggawa a wayarka: 110 ta 'yan sanda, 119 ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana. Idan bayan Kusatsu kana da niyyar haurawa zuwa Shiga kuma an tabbatar maka hanya a buɗe take, ka sani akwai wani yanki da ake kira Sesshogawara inda iska mai guba take fitowa daga ƙasa. An hana tsayawa a wurin, don haka ka rufe gilasan mota ka wuce, sai ka kai wuraren da aka tanada a gaba sannan ka tsaya ɗaukar hoto.